Kafin a Sauke Sikelin Mai Awo

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Shugaban wannan ƙungiya tamu, ta mu da muka haɗa hannu muka mallaki kantin unguwa. Sakatare da Ma'aji da sauran 'yan kwamiti da ke zaune bayan dogon tebur, can inda fanka ta fi kaɗawa. Baƙonmu ƙwararre a harkar tsara kantuna, wanda ya zo mana da majigi da zane-zane masu launi. 'Yan'uwana tsofaffi maza da mata, da aka jera mana kujeru kusa da ƙofa don kada tarinmu ya dami kowa. 'Ya'yanmu da jikokinmu masu hannun jari. Masu kai kaya a babur da na hango can baya riƙe da hulunan kwano. Da duk wanda ya ajiye aikinsa ya zo wannan zaure da tsakar rana: ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya, barkanku da war haka.

Ina godiya ga Shugaba da ya ba ni dama. Sakatare ta raɗa mini cewa minti biyar gare ni. Na gode da biyar ɗin, 'yata, Allah ya yi miki albarka. Sai dai buhu ba ya shiga aljihu, shekara talatin da ɗaya kuma ba ta shiga minti biyar. In lokaci ya cika ki kaɗa ƙararrawarki, ba zan yi fushi ba. Kunnena na hagu ya daɗe da ajiye aiki, kuma shi ne ke ɓangarenki.

Ga waɗanda suka shigo ƙungiya kwanan nan ba su san ni ba, ni ne mutum na farko da ya tsaya bayan kantar wannan kanti, ranar da mu goma sha huɗu muka buɗe shi da buhun shinkafa biyu, da kwalin sabulu ɗaya, da sikelin aro. Mahaifin Shugaba, Allah ya ji ƙansa, shi ya ɗauko sikelin nan a ka. Cikin sha huɗun, mu uku muka rage. Ɗaya ba ya iya tashi, ɗaya ba ta iya magana, saura ni. Don haka ku yi haƙuri, bakin mutum uku nake ɗauke da shi.

Na tashi ne a kan magana ta huɗu a takardar taron nan. An rubuta ta da kalmomi masu santsi: “Sake fasalin kanti domin dacewa da sabon salon sayayya.” Na karanta sau uku ban ga abin da ke ciki ba, sai da jikata ta zaunar da ni ta warware mini. Bari in warware muku yadda aka warware mini, don kada wani ya ɗaga hannu a kan abin da bai sani ba. Za a kulle ƙofar gaba, ba wanda zai ƙara shiga kanti da ƙafarsa. Duk mai son kaya sai ya yi oda ta waya, babur ya kai masa. Za a daina awo, a ɗure komai a leda, mafi ƙanƙanta kilo biyar. Za a sauke sikeli. Matar da ta shekara ashirin da biyu tsaye a gaban sikelin nan, wadda yara da manya ke kira Mai Awo, a ba ta takardar sallama ƙarshen wata. Wannan ita ce magana ta huɗu in an cire mata riga.

Kada wani ya ce tsoho ya zo faɗa da zamani. Wa ya taɓa yin faɗa da zamani ya koma gida da haƙoransa? Na sani sayayya ta sauya, kuma in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. 'Yata ta cikina ma'aikaciyar jinya ce, ba ta da lokacin bin layin kanta da kwando; ta waya take sayen komai, har man da ake yi mini girki da shi. Waɗannan bayin Allah masu babur, da su kantin nan ya kai unguwannin da ƙafarmu ba ta taɓa takawa ba, kuma ina yi musu godiya a gaban kowa. Ba da waya nake rigima ba. Rigimata da yadda aka yi aka ce wai jama'a ne suka nemi a kulle musu ƙofa.

Wannan shi ne abu na farko.

Baƙonmu, wanda mu tsofaffi muke kira Mai Majigi don ba mu iya faɗin sunan aikinsa, ya haska mana bango ɗazu ya ce an tambayi masu sayayya ɗari huɗu, ɗari uku da sittin sun ce sun fi son a kai musu gida. Zauren nan ya yi tafi. Ni ban yi ba, don na riga na tambaye shi makon jiya. Na ce, “Ɗana, ta yaya aka tambaye su?” Ya ce, “Ta manhajar kanti, Baba.” Na ce, “Wace ce manhaja?” Ya ce, “Wadda ake yin oda da ita a waya.” Na ce, “Wato kun tambayi masu saye ta waya, ta cikin waya, ko suna son saye ta waya?” Ya ce, “Ai nan ne muke da lambobinsu.” Na ce, “To, ni abin da ya ba ni mamaki mutum arba'in ɗin nan da suka ce a'a.”

Kakata, wadda ta rene ni da labari fiye da yadda ta rene ni da abinci, ta taɓa ba mu labarin wata tsohuwar gadar itace da ke kan rafi a daji. Gada ta fara ruɓewa, sarkin dawa ya ce kafin a wahala da gyara a tambayi talakawa ko suna buƙatarta. Aka aiki shaho. Shaho ya tashi ya bi kan itatuwa, ya tambayi kurciya, ya tambayi hankaka, ya tambayi balbela, ya dawo kafin la'asar ya ce kowa ya ce gada ɓata itace ce. Aka rushe ta. Da safe sai ga bushiya a bakin ruwa da 'ya'yanta a baya. Ta ɗaga kai ta ce, “Ranka ya daɗe, wa aka tambaya?” Shaho ya ce, “Duk wanda na gamu da shi a hanya.” Bushiya ta ce, “Hanyar wa?”

Tunda gani ya kori ji, na ɗauko kujerata daga gida na zauna a bakin ƙofar kanti kwana shida, daga buɗewa har rufewa. Na cika aljihun dama da wake, duk wanda ya shiga in mayar da ƙwaya ɗaya aljihun hagu. Cikin kwana shida, wake dubu da ɗari da 'yan kai suka sauya aljihu. Na sani wasu sun zo sau shida. Ai ita ce maganar, sau shida suka zo. Duk wanda ya tsaya gaishe ni nakan tambaye shi, “An tambaye ka ko kana son a kulle ƙofar nan?” Mutum goma sha tara suka ce sun ga saƙo. Sauran suka ce, “Wace ƙofa, Baba?” Da na kai wa Mai Majigi wannan, sai ya yi murmushi ya ce ƙirgen wake ba bincike ba ne. Wataƙila. Ni dai ban taɓa kama wake da ƙarya ba.

Abu na biyu ya fi na farko ciwo, domin da hannuna a ciki.

An nuna mana zane mai jan layi yana gangarowa, aka ce masu zuwa da ƙafa sun ragu, awo ya ja baya. Gaskiya ne sun ragu. Amma ruwa ba ya tsami banza, mu tambayi kanmu wa ya rage su. Bara, a wannan zaure, aka koya mana dabara. Aka ce a kai gishiri da mai da sabulu can ƙurya, don mai saye ya ratsa ta gaban biskit da alewa ko idonsa zai ja shi. Aka ce a riƙa sauya wa kaya wuri duk wata, don kada ƙafa ta saba, mutum ya yi ta yawo yana gani. Aka ce a ɗauke bencin bakin ƙofa, wai mai zama ba ya saye. Aka ɗauke sikeli daga gefen ƙofa, inda ya shekara talatin, aka kai shi bayan firji, daidai bakin sito, inda masu babur ke wucewa da kwalaye suna cewa a ba su hanya. Ni da kaina na ɗaga hannu a ranar, don ina kunyar a ce tsoho ya hana ci gaba. Ga hannun nan, shi ne. Mun ɗaure akuya inda babu ciyawa, yau mun taru muna tuhumarta da rama.

Kun san Baba Tela, wanda shagonsa ke kallon namu kafin idonsa ya gaji da ramin allura. Da ƙafa ya san kantin nan: taki bakwai daga ƙofa, hannun dama, gishiri. Ba ya tambayar kowa, ba ya son a taimake shi. Sauyi na farko ya jure, na biyu ya jure. A na uku ya yi takinsa ya miƙa hannu ya ɗauko farar leda mai nauyin gishiri, ashe garin sabulun wanki ne. Mai Awo ta hango shi daga bayan firji. Ba ta ɗaga murya ba. Ta zo ta ce masa a hankali, “Baba, wannan ledar ta fashe, kawo in sauya maka.” Ta sauya. Amma ƙamshin ya riga ya kama masa yatsu, kuma ido ne ya gaji, ba hanci ba. Tun ranar bai sake taka kantin nan ba, yau wata biyar. Na je har gida na same shi. Ya ce mini, “Ni da na ɗinka wa rabin unguwar nan tufafi, a ce sai an riƙe mini hannu zan sayi gishiri? Bar ni, aboki.” To, a cikin jan layin nan da aka haska mana, Baba Tela yana nan. An rubuta shi cikin waɗanda salon sayayyarsu ya sauya. Ba salonsa ne ya sauya ba, jama'a, korarsa muka yi! Mu muka kore shi, da ƙuri'armu, sannan muka biya wani ya zo ya zana mana korar da jan launi.

Abu na uku, kilo biyar.

Ina so wanda ya yanke cewa mafi ƙanƙantar leda kilo biyar ce ya gaya mini ɗaki nawa ne a gidansa. Akwai matar da ke wanki a gidajen mutane, kowa ya san ta, takan shigo da yamma hannunta fari fat saboda ruwa. Ɗaki ɗaya gare ta, ita da 'ya'ya huɗu. Abin da ta samu yau shi za a ci yau. Takan sayi kwatan kilo na shinkafa, da mai kofi ɗaya, da rabin sandar sabulu, Mai Awo ta yanka mata da zare. Ko da kyauta aka ba ta kilo biyar, ina za ta ajiye? Ƙarƙashin gado, inda ɓeraye suka riga ta kama wuri? Na ce mata, “'Yata, an ce nan gaba ta waya za ki riƙa saye.” Ta ciro wayarta, irin mai maɓallan nan, an ɗaure ta da roba don kada baturi ya faɗo. Ta ce, “Baba, wannan ko kira zan yi sai na lallashe ta. Kuma in ce wa mai babur ya kawo ina? Bayan injin niƙa, ƙofa ta uku mai labulen buhu?” Ta yi dariya. Ni ban iya yi ba.

Saboda irinta muka buɗe kantin nan. Ba mu haɗa hannu don mu yi gasa da manyan kantunan bakin titi masu fitilu da kekunan turawa ba. Su suna da masu mota, Allah ya ƙara musu. Mu abin da muke da shi wanda ba su da shi, shi ne mutum ya shigo da abin da ke hannunsa ya fita da abin da zai dafa, ba wanda ya kalle shi sau biyu. In muka jefar da wannan muka koma sito mai babura, to sito mai babura akwai wanda ya fi namu girma sau hamsin, kuma ranar da ya waiwayo unguwar nan, da me za mu tare shi?

Na ji ƙararrawa, 'yata. Da na dama na ji, ya ci amanata. Saura kaɗan.

Abu na huɗu, ita Mai Awo kanta.

A rahoton an kira aikinta “aikin da na'ura za ta iya yi”. Ni na koya mata aikin, don haka ina da bakin magana. Ta zo mana mijinta bai daɗe da rasuwa ba, da goyo a baya, ba ta san kilo daga rabin kilo ba. Yau ta fi ni nesa ba kusa ba. Ma'aji yana nan, ya ƙaryata ni in na yi ƙari. Watannin baya mota ta kawo wake buhu arba'in, da takarda, da hatimi, da sa hannu, komai daidai. Ana cikin saukewa ta kwance bakin buhu ɗaya ta cusa hannu har gwiwar hannu. Ta zaro hannun. Ta kwance na biyu ta cusa. Sai ta ce, “Ku dakata. Waken nan zazzaɓi yake yi.” Ma'aji ya ce, “Wane irin zazzaɓi kuma, ga takarda?” Ta ce, “Takarda ba ta shiga cikin buhu ba, ni na shiga. Cikinsa da ɗumi, ƙwari sun fara aiki.” Direba ya yi ta faɗa, ya ce za ta ɓata masa rana. Ta zauna a kan buhu ta ce in an ga an ci gaba da saukewa to da ita aka ɗauka. Aka ɗebo daga tsakiya aka fasa ƙwayoyin, ga su nan a ciki, farare, suna motsi. Mota ta koma da kayanta.

Yanzu ku ɗauka babu ita. An ɗure waken nan a leda mai kyau, kilo biyar biyar, an liƙa sunan kantinmu, babura sun raba shi gida ɗari huɗu. Bayan mako biyu kowace uwar gida ta buɗe ledarta. Wayoyin nan da muke taƙama da su, su ne za su yaɗa hotonmu kafin azahar. Ashe hannun nan ba masu kwatan kilo kaɗai yake tsarewa ba, har da 'yata mai oda, har da ku masu babur da za a zaga a bakin ƙofa. Wace na'ura ce ke jin zazzaɓin wake? A nuna mini ita a majigi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, an ce mini an riga an buga takardar sallamarta, kwanan wata kaɗai ya rage a cike. Tun kafin mu zauna, tun kafin mu ji, tun kafin mu ɗaga hannu. Sakatare, ba sai kin buɗe jaka ba, sunkuyar da kanki ya ishe ni amsa. Kuma ba ke nake zargi ba, abin da aka ce ki buga kika buga. Shugaba, da kai nake. Ɗana ne kai, a hannuna ka koyi ƙulla leda. Ban ce ka yi da mugunta ba. Na san tsoro ne ya kama ka, ka ga manyan kantuna sun tsaya mana a wuya kana neman mafita. Amma in an gama yanke hukunci a ofis, me ya sa aka yi hayar kujeru aka tara mu? Mu shaidu ne ko masu kanti?

Ga abin da nake roƙo, kuma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba. A ba masu babur ƙofar baya da rabin sito, su yi aikinsu ba mai tare musu hanya, oda ta ci gaba, ta ma ƙaru. A bar ƙofar gaba a buɗe. A mayar da sikeli gefenta. A mayar da gishiri inda ƙafa ta san shi, a bar shi nan har abada. A mayar da benci. Sannan a tsaya a bakin ƙofa mako biyu a tambayi masu shiga, baki da baki, kamar yadda ake tambayar mutane. In bayan haka suka ce a kulle, ni zan sayo kwaɗon. Amma yau, magana ta huɗu, a ce mata a'a. Kuma ina neman a yi ƙuri'ar da ɗaga hannu, kowa ya ga hannun kowa.

Ku duba zauren nan da kyau. Mai Awo ba ta nan. Tana da hannun jari kamar kowa, guda ɗaya, amma nata ne. Sai aka sa ta aiki yau, ita kaɗai, wai don kada a rufe kanti saboda taro. Ana shirin yi mata aski, an aike ta wani wuri da kan nata.

Da safen nan na biya ta wajenta. Tana share gaban sikeli ta ce, “Baba, me za ku tattauna yau har da hayar kujeru?” Ni da shekara saba'in da takwas, na kalli ƙasa na ce, “Maganar rufin sito ce, da ke yoyo.” Ta ce, “Yauwa, alhamdu lillahi. Ka gaya musu kusurwar da ke bayan buhunan gari ce, na sa bokiti, amma kullum sai na ja buhunan gefe.” To, na gaya muku. Kusurwar bayan buhunan gari ce. Saƙonta ya iso.

Hanyar gidana ta gaban kanti ta bi, ba ni da wata. In an tashi daga nan zan wuce, za ta leƙo ta ce, “Baba, yaya aka ƙare?” Na yi mata ƙarya sau ɗaya yau, ba zan yi ta biyu ba. Abin da zan faɗa mata yana hannunku, a wannan hannun da za ku ɗaga ko ku bari a cinya. In kuka ce a'a, ni kaɗai na isa in kai labari, ko da sanda. In kuwa kuka ce e, to ba zan ɗauka ni kaɗai ba. Shugaba zai taka tare da ni, da Ma'aji, da duk wanda ya ɗaga hannu, mu shiga ta ƙofar da muka kulle, mu zagaya bayan firji, mu tsaya a gabanta, wanda ya fi mu ƙarfin hali ya fara magana.

Allah ya ba shugabanninmu kunnen ji da zuciyar komawa kan gaskiya. Allah ya tsare masu babur a kan titi, ya mayar da su ga iyalinsu lafiya. Allah ya rufa asirin mai sayen buhu, ya rufa asirin mai sayen kofi ɗaya. Allah ya ji ƙan waɗanda suka kafa wannan kanti suka riga mu tafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Allah kada ya sa mu ɗaga hannun da za mu ji kunyar miƙa wa maƙwabci gobe. Allah ya sa mu tashi lafiya.

Na gode.